Kunnen Tukunya, Hannun Buta, Ƙotar Fartanya

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina koyon ginin tukwane da kofuna a Zariya. Wurin da ake kamawa a ɗaga kofin shayi, hannu ne sunansa, ko kunne, ko mariƙi? Kowa na tambaya da amsar da yake ba ni.

Amsa: 'Yata, babu wanda ya yi miki ƙarya a cikinsu, sai dai kowa da mazubin da ya duba. Tukunya a bakin Bahaushe mai jiki ce: tana da baki, da wuya, da ciki, da gindi. Abin da ya ɓullo mata gefe da gefe, gajere, wanda ake sa tsumma a kama a sauke ta daga murhu, shi ne kunne, don biyu ne, suna daura da juna, kusa da baki. Hannu kuwa tilo ne, dogo, ya taso daga sama ya lanƙwaso ya sauka a ciki, ya bar kafar da yatsu za su shiga. Na buta ke nan da na kofi. Naki hannu ne.

Mariƙi ya game su duka, tun da daga riƙe aka samo shi, kamar yadda mabuɗi ya fito daga buɗe. Amma mariƙi biyu ne, rubutun boko ne ya haɗe su. Mariƙin kofi gaɓoɓinsa uku duk da karin sama ake faɗinsu. Mariƙin maraya, wato wanda ya ɗauke shi riƙo, gaɓarsa ta tsakiya ƙasa take faɗuwa. Jam'i ma ya raba gardama: na kaya mariƙai, kamar mabuɗai, na mutane mariƙa, kamar maɗinka da maƙera. Yara da ba su taɓa shiga ajin nahawu ba suna bambance wannan ba tare da an koya musu ba, sai ga masu karanta labarai suna gwama su.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne "ƙotar kofi", wadda na fara ji a bakin wasu 'yan birni. Ƙota icce ce. Masassaƙi ke sassaƙa ta, maƙeri ya ƙera ruwan fartanya ko na gatari a ɗora mata. Ba a yin ta da yumɓu. Masu cewa "handil" kuwa, ga kalmomi huɗu a gida sun tafi aro.

Ki kuma lura, manyan kayan ruwanmu galibi ba su damu da mariƙi ba. Randa a zaune take, ba mai ɗaga ta. Tulu a wuya ake kama shi a aza kan gammo, ko na Kano ne ko na Miriya ta ƙasar Damagaram. Abin da ake son ratayewa kuwa ragaya ce maganinsa. Kofin shayi ne ya zo ya yawaita mana maganar hannu.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Minna. Ina rubuta wa ɗalibai darasin aikin hannu. Liƙa wa kofi hannu zan ce, ko manna, ko maƙala?

Amsa: Malam, fitar da maƙala tun da wuri. Abin da aka maƙala jiran faɗuwa yake. Liƙa da manna duk suna nuna abu biyu da wani abu na uku ya riƙe, kamar takarda da ƙaro, alhali magini ba haka yake aiki ba. A bakin masu sana'ar "an yi mata kunne" ko "an sa masa hannu" za ka fi ji, kuma ya wadatar. In dai sai ka zaɓi kalma ɗaya ta darasi, ni dasa nake so, domin ita ta dace da abin da hannun magini yake yi.

Ga yadda abin yake. Ba a sa hannu a jikin da aka gama ginawa yanzu-yanzu, zai lotsa. Sai ya sha iska, ya yi tauri yadda za a ɗauke shi bai canza siffa ba, amma farce na iya shiga. A karce wuraren biyu da za su haɗu, a shafa musu yumɓun da aka dama ya yi kauri, a danna, sannan a bi bakin mahaɗar da babban yatsa har a rasa inda hannu ya ƙare jiki ya fara. Hatsarin yana wajen bushewa. Yumɓu tsukewa yake yi, wani ya kai kashi 10 cikin 100 kafin ya fito daga wuta. Hannu siriri ne, iska na bugunsa ta ko'ina, saboda haka yana riga jiki bushewa, ya ja, mahaɗa ta tsage. Shi ya sa ake kifa kofin a lulluɓe shi, a ajiye a inuwa, musamman da hunturu. Dakakken tsingaro da maginanmu ke cuɗawa a yumɓu ma rage tsukewar nan yake yi.

Yin hannun kansa iri biyu ne. Na gargajiya murzawa ake yi tsakanin tafuka har ya yi tsawo. Ɗayan kuwa jan sa ake: a riƙe curin yumɓu da hagu, a jiƙa dama, a riƙa zamo shi ƙasa kamar mai tatsar saniya, har ya fito da kauri a sama da sirantaka a ƙasa. Kai da kake Minna ba ka yi nisa da inda wannan salo ya yi gida ba. Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950 a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja. Can Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin, bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya san aikinta yana tara tukwanenta. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, amma manyan tulunanta masu zanen ƙadangare da kunama da kifi da hannu ta ci gaba da gina su, irin na mutanenta Gbagyi. Ta rasu a garinku a 1984, hotonta na bayan naira 20. Ka sa wannan a darasin, yawancin ɗalibanka sun kashe takardar ba su san wace ce ba.

Tambaya: Baba, "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" ya dace da yumɓu?

Amsa: Rabi da rabi, ɗana. Busasshe ba ya karɓar hannu, gaskiya ne, amma jiƙaƙƙe sharkaf ma ba ya ɗauka. Karin maganar tarbiyyar yara yake nufi, ka bar shi a can.

Tambaya: Malam, na ga an rubuta "riƙon sakainar ƙashi". Haka yake?

Amsa: Ba haka yake ba, Hajiya, kuma na san inda ɓarnar ta fito. Wani ne ya ji kunyar kalmar ya sa mata lanƙwasa don ta zama ƙashin jiki. Kashi ne, bayan gida. Sakainar da aka kwashe kashin yaro da ita da bakin yatsu ake ɗaukarta, a nesanta ta da jiki, ana neman inda za a yar. Wanda ya yi wa amana ko aiki irin wannan riƙon, shi ake nufi. In ka mai da shi ƙashi, me ya rage na ƙyama? Shekaru ana fama da masu zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ a waya, yanzu kuma ga masu ƙara ta inda babu.

Tun da an zo nan: sakaina ta ƙwarya ce, fasasshiyar tukunya tsingaro take bari. Riƙon ƙwarya kuma ba ɗan'uwan wancan ba ne, riƙe wa wani kujera ne kafin mai ita ya zo.

Tambaya: "Kunne ya girmi kaka", kunnen tukunya ake nufi?

Amsa: A'a. Naka ake nufi, wanda ya ji labarin zamanin da kakanka bai gani ba.

Tambaya: Yumɓu da laka da taɓo duk ɗaya ne?

Amsa: Yumɓu ake gina tukunya da shi, laka a yaɓa wa bango, taɓo kuwa mota ke kafewa a ciki da damina.

Tambaya: Jam'in tukunya, tukwane ko tukunyoyi?

Amsa: Tukwane.