Dakta, bashin jami'arka za ka fara warwarewa kafin maganar biza

Wani malamin jami'a daga Arewa ya rubuto min daga Ingila. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta turo shi digirin PhD kan tsara birane, bincikensa a kan filayen wasanni da yadda suke zama kango bayan an tashi daga gasa. Ya kusa kammalawa, akwai yarjejeniyar komawa koyarwa da ya sa wa hannu, yayyensa na ce masa kar ya kuskura ya dawo, ga wani ejan ya ce ya kawo fam 8,000 a samo masa CoS, wato takardar da kamfani ke bayarwa cewa zai ɗauke ka aiki don ka nemi biza, na aikin kula da tsofaffi.

Dakta, ka san bizar Graduate, ta zama bayan kammala karatu, shekara 3 ce ga mai PhD, amma abin da ejan ɗin nan ba zai gaya maka ba shi ne duk wanda gwamnati ta biya wa kuɗin makaranta da na ciyarwa a cikin wata 12 da suka wuce, sai ya kai wa Home Office, ma'aikatar da ke ba da biza, rubutacciyar amincewar mai ɗaukar nauyinsa, kuma ko bizar aiki ta Skilled Worker, wadda ake nema da CoS, ka koma sharaɗin yana nan. To CoS ɗin me zai tsinana maka? Sayar da shi ma haramun ne a dokarsu. Na ga waɗanda suka biya, aka soke lasisin kamfanin, suka wayi gari ba aiki ba kuɗi ejan ya kashe waya. Na ga wanda aka haɗa wa wasiƙar amincewa ta bogi, ita kuwa ƙarya a takardar biza tana iya jawo haramcin shekara 10.

Maganar yayyenka, ka yi haƙuri zan faɗa. Fam ɗin da ke sauka ƙarshen wata suke kallo. Su ne suka tsaya maka garanto a jami'a? In abokan aikinka ne suka sa hannu, su za a bi ranar da ka noƙe, kuma gudun malamai irin wannan yana cikin dalilan da TETFund ta bayar da ta dakatar da tura mutane waje daga Janairun 2025, ƙannenka a sashen aka rufe wa ƙofa. Haƙƙin Hajiya daban, wannan wajibi ne. Amma gina wa Yaya bene bai kai ka binne karatunka ba.

Kuma fanninka ba na yarwa ba ne wallahi. Filin Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003, mai cin mutum 60,000, kowa ya ga yadda ya lalace, alhali na Manchester na gasar Commonwealth ta 2002 tun kafin a gama shi an san Manchester City za ta gaje shi, ta kuma shiga a 2003. Wa zai zauna da masu filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ko na Ahmadu Bello a Kaduna ya yi musu wannan lissafin?

In zaman kake so, rubuta wa shugaban sashenka da rajistara yanzu, tun bizarka da sauran rai, ka nemi hutu ba albashi don aikin bincike na shekara ɗaya ko biyu, ko a faɗa maka nawa za ka biya a sallame ka. Ka kai wasiƙar tallafinka ofishin ɗaliban waje na makarantarka su duba ko sharaɗin ya hau kanka, kyauta ne. In an ƙi, ka koma ka cika shekarun, ka yi rajista da TOPREC, hukumar rajistar masu tsara birane, ka ci gaba da wallafa bincike da sufabaizanka, bizar Global Talent ta ƙwararru a fanninsu da irin wannan wallafe-wallafen ake nemanta.