Waƙar fim ɗin da aka ɗauko daga littafi

Ƙanena, ka ce in furodusa ya miƙo maka littafi ya ce za a mai da shi fim, ka yi masa waƙa, ta ina za ka kama: ka bi labarin daki-daki, ko ka yi waƙar soyayya kawai a liƙa?

Ko ɗaya. In ka bi labari, ka tona ƙarshen fim tun mutane ba su gyara zama ba. In kuma ka yi irin wadda ake jera "zuciyata, rayuwata, masoyiyata" don amsa-amo ya zauna, ka yi waƙar da za ta shiga kowane fim, kuma irinta sun yi yawa a sitidiyoyin Zoo Road a Kano.

Jigo za ka nema, kuma kar ka ce min jigon soyayya ne, wannan ai kowa ya sani tun daga bangon littafin. Ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da aka yi fim ɗinsa a 1994. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, a gida kuma an kafe sai Abdulƙadir mai kuɗi. Auren dole ke nan, da yadda dukiya ke rufe wa manya ido. To marubuci yana da damar shiga ran yarinya ya cika shafuka da abin da take saƙawa. Kyamara ba ta da wannan damar. Kuma 'yar Hausawa ba ta ɗaga ido gaban iyayenta ta ce ba na so, sai dai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Maganar nan da kunya ta hana ta fitowa, ita ce rabonka. Saboda haka ka karanta littafin da biro a hannu, duk inda aka ce "ta yi shiru" ka ja layi.

Amshi shi zai ɗauki jigon, ɗango biyu, wato layi biyu, sun isa, yadda yarinya mai talla za ta riƙe shi da ji ɗaya. Baitoci kuma ka ɗebo musu kaya daga cikin littafin. A labarin nan Sumayya ta faɗa rijiya. Ba sai ka ce wani zai faɗa ba. Ka sa mata a baki, misali, "guga ya tafi, igiya ce ta rage a hannuna". Wanda ya karanta littafin tsigar jikinsa za ta tashi, wanda bai karanta ba sai can gaba zai gane abin da ka binne masa.

Kar ka ba namiji da mace kalmomi iri ɗaya don kawai karin ya daidaita. Talakan da ke son 'yar masu hali ba ya cika baki da alkawarin mota da bene, tsoro da jan jiki ne a muryarsa. Ka kuma tambayi darakta inda waƙar za ta faɗo, don wadda ake yi kafin a kawo kuɗin aure daban take da ta bayan an sa rana. Batun tsabtace harshe ba sai na tuna maka ba, Hukumar Tace Finafinai ta Kano tana nan tun 2001.

Ka je ka rubuto amshin tukuna, ka rera min shi ba kiɗa. In ya tsaya da ƙafarsa, sai mu kira mai fiyano.