Amsa ga Injiniya kan samfurin birnin Katsina na 3D daga hoton tauraron ɗan'adam

Assalamu alaikum, barkanmu da yamma 'yan uwa. Injiniya, na saurari tambayarka, wato ana son samfurin birnin Katsina na 3D, kowane gini da tsayinsa, ko hoton Google Earth zai wadatar. To gaskiya ba zai yi ba. Tsayi ba ya fita daidai sai da hoto biyu na wuri ɗaya daga kusurwa daban-daban, kamar yadda ido biyu ke gane nisa. Tauraron ya ɗauki ɗaya yana tahowa, ya karkata ya ɗauki na biyu bayan ya gota. Shi ne sitiriyo.

Hoton tauraron Sentinel-2 kyauta ne, amma kowane ɗigon hoto mita 10 ne a ƙasa, ɗaki guda sai ya ɓace a ciki. NigeriaSat-2 da aka harba a 2011 mita 2.5 yake bayarwa, shi ma bai kai ba. Pléiades za ka nema, mai santimita 50, ko WorldView-3 mai kusan santimita 30. Kuma don Allah wajen oda ka ce ɗanyen hoto kake so tare da fayil ɗin RPC, wanda ke bayyana yadda kowane ɗigon hoto ya dace da wurinsa a ƙasa. In suka turo wanda aka riga aka miƙe shi ya hau taswira, kuɗinka ya tafi, don karkatar da aka goge ita ce ke ɗauke da tsayin.

Kusurwar da ke tsakanin hotunan ta tsaya wajen digiri 15 zuwa 25. In ta buɗe da yawa, a GRA ba laifi, fili ne. Amma cikin gari, daga Ƙofar Soro zuwa wajen Gobarau, lunguna ne matsattsu, katanga za ta rufe ƙasa a hoto ɗaya, kwamfuta ta rasa abin da za ta haɗa. Can sai ka biya hoto na uku, wanda ake ɗauka daga tsakar ka.

Lokaci kuma, damina gajimare, hunturu hazo. Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi.

Sai aikin ƙafa. A fita da GPS na safiyo, mai RTK, wato mai awo daidai zuwa santimita, a auna wurare 10 zuwa 15 da ake gani sarai a hoton, irin kusurwar kwalbati ko bakin shataletale, a warwatsa su har gefen gari, da su ake ɗaure hoton da ƙasa. Ware 4 ko 5 kada ka saka su cikin lissafi, da su za ka kama kuskure daga baya. A tsarin UTM, wanda ke raba taswirar duniya shiyya-shiyya, Katsina tana shiyya ta 32 arewa. Tsofaffin taswirori da yawa a ma'aunin Minna suke, hoton kuwa a WGS84 yake, ma'aunin da GPS ke amfani da shi, in ka haɗa ba ka juya ba komai zai goce da gomman mitoci.

Manhaja akwai Ames Stereo Pipeline ta NASA, akwai CARS ta hukumar sararin samaniyar Faransa, duka kyauta. Abin da za su ba ka DSM ne, saman komai, rufi da bishiya da tankin ruwa. Daga nan a tace a fitar da tsurar ƙasa, DTM. Cire DTM daga DSM, abin da ya rage shi ne tsayi. Ka ɗauko zanen gine-gine daga OpenStreetMap ko Open Buildings na Google, ka gyara da hannu a manhajar taswira ta QGIS, don a cikin gari sukan haɗe gida uku su zama ɗaya. Kowane gini ka ba shi tsayin da ya faɗo tsakiya cikin ɗigoginsa, kada ka ɗauki mafi tsawo, in ba haka ba reshe ɗaya sai ya mayar da ɗaki bene.

Yauwa, ga inda ake shan wuya, Injiniya. Kuskuren tsayi a irin wannan aiki yakan kai mita 1 zuwa 2, gidajenmu kuwa yawanci mita 3 ne ko 4. Ka ga rabin gida ke nan. Sabon kwano yana ƙyalli ya wanke hoton fari fat, wurin ya fito rami. Soron ƙasa launinsa ɗaya da tsakar gida. Darbejiya ba ta kaɗe ganye gaba ɗaya, ta lulluɓe rufi shekara duk. Kuma inda gidaje suka manne, manhajar kan ɗauki rufi a matsayin ƙasa, unguwa guda ta fito gajera.

Saboda haka kada ka yi wa kowa alkawarin siffar rufi. Ka tsaya a matakin da ake kira LOD1, wato kowane gini akwati mai shafaffen kai. Ya isa a gane inda benaye suke da yadda gari ya cunkushe. Magudanar ruwa kuwa tana son awo daidai zuwa santimita, wannan sai jirgi marar matuƙi ko awon lebur a ƙasa. Kafin ka miƙa aikin, a auna gine-gine kamar 30 da na'urar leza, rabi cikin gari, rabi wajen ganuwa, a gwada da abin da samfurin ya ce, a rubuta bambancin cikin rahoton.