Tambaya da Amsa: In sayi ɗan birin nan ko in ƙyale shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna dawowa daga biki ta hanyar Jalingo muka tsaya shan mai sai ga wani yaro da ɗan biri an ɗaure masa igiya a ƙugu, jariri ne sosai sai kuka yake yana ƙanƙame rigar yaron, wallahi har yau abin na raina. Yara sun dame ni in saya musu, ni kuma ina ganin ko ba komai na cece shi. In na sake gani in saya? Daga Maman Hanifa, Gombe.

AMSA: Wa alaikumussalam Maman Hanifa, Allah ya saka miki da wannan tausayi, amma dan Allah kar ki saya. Uwar biri fa bata sakin ɗanta da rai, a jikinta yake manne dare da rana, duk jaririn da kika gani a bakin titi to kusan ko yaushe sai da aka harbe uwar aka ɓamɓare shi daga jikinta, ita a sayar da namanta shi kuma a kawo shi titi. Kina miƙa kuɗi kin gaya wa maharbin cewa akwai kasuwa, gobe zai koma daji ya nemo wani.

Kuma riƙonsa ba irin na mage bane. Yanzu ne yake da ban sha'awa, yana girma fiƙoƙi su fito ya fara cizo, ga yara a gida, ga cututtuka da muke iya ɗauka daga gare su suma su ɗauka daga gare mu kamar tarin fuka, ƙarshenta sai a ɗaure shi a gindin bishiya shi kaɗai har ya mutu alhali dabba ce da a cikin garke take rayuwa. Kin san hadisin matar da ta kulle mage ai.

In chimpanzi ne ma, wato babban birin nan mai kama da mutum, abin ya fi muni, don sai kusan shekara 5 macen take haihuwa sau ɗaya, kashe uwa guda ba ƙaramin giɓi bane. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana kama su da cinikinsu. Kuma fataucin har ƙetare yake kaiwa, a Disambar 2024 an kama ɗan gorila a cikin akwati a filin jirgin Istanbul, daga Najeriya aka ɗauko shi za a kai Tailan. In kin sake gani ki sanar da ma'aikatan gandun daji na jihar. Akwai wuraren da aikinsu kenan renon marayun birai, kamar cibiyar Pandrillus da ke Kalaba.

TAMBAYA: Malam inaso in kai iyalina Yankari a hutun ƙarshen shekara, za mu ga gorila kuwa? Daga Abban Sadiq, Kano.

AMSA: Abban Sadiq babu gorila a Yankari gaskiya. Gorilar Najeriya tana can duwatsun Afi da Mbe da dajin Okwangwo a Kuros Riba, kuma duka da na ɓangaren Kamaru basu wuce kamar 300 ba, masu gadinsu ma da ƙyar suke ganinsu. Masu zuwa kallon gorila Ruwanda suke zuwa ko Yuganda, a Ruwanda takardar izini kaɗai dala 1,500 ce kuma awa ɗaya tak ake bari ka tsaya da su.

Amma Yankari bata da abin rainawa. Tana ƙaramar hukumar Alkaleri a Bauchi, tun 1962 aka buɗe ta ga masu ziyara, akwai giwaye da ɓauna da gwanki da gadu da jan biri, zaki kam sai mai sa'a. Disamba ba laifi, sai dai in da hali Fabrairu zuwa Afrilu ya fi don lokacin ciyawa ta bushe dabbobi duk sun gangaro kogin Gaji shan ruwa. Ku fita da sassafe ko da yamma, da rana ku kai yara ruwan Wikki mai ɗumi. Gwaggon biri kuwa, wato bika ba gorila ba, ba sai kun nema ba, a bakin ɗakunan kwana za ku same su, kuma ina roƙonka kar yara su basu biskit ko su riƙe leda a hannu, masu basu abinci ne suka koya musu fizge da shiga ɗaki, a riƙa rufe ƙofa da taga.

In chimpanzi kake son gani to sai Gashaka Gumti tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne gandun ƙasa mafi girma a Najeriya, ta Serti ake shiga. Tafiyar ƙafa ce cikin duwatsu tare da jami'an gandun, bata ƙananan yara bace, kuma ka tuntuɓi ofishinsu kan yanayin hanya da tsaro kafin ka tashi.