Game da zaɓen gwajin ƙwayoyin gado a gida

'Yar'uwa, kin tambayi gwajin gida da ya kamata ki saya domin sanin yadda jikinki yake sarrafa sinadarin folet, wato bitamin B9, tunda kina shirin ɗaukar ciki. Yawancin irin wannan gwaji, wanda ake tofa yawu a 'yar kwalba a aika ɗakin bincike, ƙwayar gado mai suna MTHFR, wadda take taimaka wa jiki sarrafa folet, yake dubawa, musamman sauye-sauyenta biyu, C677T da A1298C, waɗanda mutane masu ƙoshin lafiya da yawa suke ɗauke da su. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwayoyin gado ta Amurka ta ce kada a yi wannan gwaji wajen binciken daskarewar jini ko yawan ɓari, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana shawartar mai shirin ciki ta sha maikirogiram 400 na folik asid (nau'in folet da ake sha a ƙwayar magani) kullum, ko da tana da sauyin.

Idan har za ki saya, ki zaɓi ɗakin bincike mai lasisi wanda ya fayyace abin da zai yi da yawunki da bayananki, ki kuma guji kamfanin da yake tallar magungunan ƙarin lafiya tare da sakamakon. A ganina, gwajin jini na folet da bitamin B12 da homosistin (sinadarin da yake yawaita a jini idan folet ko B12 ya yi ƙaranci) a wurin likita ya fi amfani, domin shi yake nuna halin da jikinki yake ciki yanzu.