Tambayi likita: rigakafi, ɗigon shan inna da sanƙarar wuya

Wata uwa daga Bukoki: An yi wa jaririna allura a cinya, ya kwana da zafin jiki, wurin kuma ya ɗan kumbura.

Ba komai, Malama, jiki ne ke aikinsa. Ki yawaita ba shi nono, kada ki gasa wurin da ruwan zafi. In zazzaɓin ya wuce kwana 2, ko ya ƙi mama, ko ya yi jijjiga, ki kai shi asibiti nan take.

Wata kuma: Mun tsallake allurar ƙyanda ta wata 9, yanzu yaron yana da shekara guda. Sai an faro daga farko?

A'a, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ki tafi da katinsa, ko ya ɓata ma ki je. Akwai ta biyu a shekararsa ta biyu, ki tambayi ranarta.

Wani magidanci daga Yamai: Na hana masu ɗigon shan inna shiga gidana, don an ce yana kashe haihuwa. In alheri ne, me ya sa ake bin mu da shi gida gida kyauta, amma in yaro ya kwanta sai mun sayi magani?

Malam, tambayarka ta biyu tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Farfesa Heidi Larson, wadda ta kafa shirin binciken amincewar jama'a da rigakafi a Landan a 2010, ta daɗe tana nuna cewa ƙin allura galibi ba jahilci ba ne, rashin yarda ne da mai kawo ta. Mun ga haka a Yamai a Afrilun 2020, da aka rufe masallatai aka sa dokar hana fitar dare saboda Korona, matasa suka yi ta ƙona tayoyi. Mutane kuma ba su manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, inda yara 11 suka rasu. Amma wancan magani ne da ake gwadawa, ba rigakafi ba.

Dalilin bin gida shi ne shan inna ba ta da magani. In ƙafa ta shanye, ta shanye ke nan. Cutar tana yaɗuwa ta bayan gida da gurɓataccen ruwa, kuma yawancin yaran da ke ɗauke da ita lafiyarsu lau a ido, don haka sai an ɗiga wa kowa.

Zancen haihuwa kuwa, lokaci ya riga ya yanke hukunci. Wannan zancen ne ya sa Kano ta dakatar da ɗigon a 2003, kafin ta dawo da shi a 2004 cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. To, 'yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci, yau su ne ke cika layin awon ciki, wata da goyo a baya, wani riƙe da zanenta. Ka leƙa ka gani da idonka. Ka buɗe wa masu ɗigon ƙofa, Malam. Kuma duk yaron da ƙafarsa ta saki kwatsam, a kai shi asibiti ranar.

Wata kaka: Jikana yana zazzaɓi da amai, wuyansa ya sanƙare. An yi masa sakiya a ƙeya, mai tallar magani kuma ya ce yana da allura.

Haba Iya! Ƙarfe mai zafi zai kai ga ƙwayar cutar da ke cikin rufin ƙwaƙwalwa? Wannan alamar sankarau ce, tana iya kisa cikin kwana guda, wanda ya tsira kuma yana iya kurmancewa. A 2015 ta kashe mutum sama da 500 a Nijar, har aka rufe makarantun Yamai, a shekarar kuma aka gano jabun allurar rigakafinta na yawo. Allurar da ta yini a rana kan tire, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Ku ɗauke shi zuwa asibiti yanzu, ko dare ne, kada a jira gari ya waye.