Ku Tambaya Mu Amsa: Mace da Aikin Tsara Birane a Legas

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan aikin tsara birane suke. Mun ɗauki huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta gama sakandare, ta kafe sai ta karanta tsara birane. Mahaifinta ya ce wannan aikin 'yan rusau ne, ba na 'ya mace ba. Mene ne ainihin aikin, kuma ta ina ake farawa? Daga wata uwa a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba mu ga laifin maigida ba, domin abin da talaka ya fi gani ke nan: jan fenti a bango, bayan kwana biyu sai katafila. Amma rusau wutsiyar aikin ce. Ainihinsa shi ne a zauna tun kafin a haƙa harsashi a yanke inda hanya za ta bi, inda ruwan sama zai gangara, inda kasuwa da makaranta da maƙabarta za su zauna, da hawa nawa gini zai yi a unguwa kaza. Safiyo yana auna fili, mai zanen gini yana zana gida ɗaya, injiniya yana lissafin rodi da siminti. Mai tsara birane kuwa shi ke duba yadda gidan zai zauna lafiya da maƙwabtansa. A Legas ma ciwo ne ya haifi aikin, don bayan annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi Tsibirin Legas aka kafa LEDB, hukumar tsarawa da raya birnin, a 1928.

Tana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, kuma labarin ƙasa yana da muhimmanci ƙwarai. Ta duba kundin JAMB na shekarar kafin ta cike fom, don kowace jami'a da haɗin darussan da take nema. Digirin shekara biyar ne, ana yin sa a Jami'ar Legas da ke Akoka, haka a Zariya da Bayero in kun fi son ta yi a gida. Akwai kuma hanyar difloma a kwalejin fasaha ta Yaba: shekara biyu, shekara ɗaya ta koyon aiki, sai wasu biyun na babbar difloma. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar TOPREC ta amince da kwas ɗin a wannan makarantar. Ita ce majalisar da doka ta kafa a 1988 don yi wa masu wannan sana'a rajista.

Ki gaya wa maigida cewa Catherine Kehinde George, wadda aka sani da mace ta farko a wannan sana'a a Najeriya, a nan Legas ta yi aikinta. Maimunah Mohd Sharif kuma, 'yar Malesiya, da tsara birane ta fara, ta shugabanci hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai daga 2018 zuwa 2024.

Tambaya: Shekarata biyar ina aiki a wani ofishin tsara birane, ina mataki na 9. Kullum ni ce a kan tebur da fayil, maza ke fita duba gine-gine. Oga ya ce tausayina yake ji. Anya wannan zai kai ni kujerar darakta? Daga wata ma'aikaciya a Ikeja.

Amsa: 'Yar'uwa, ba zai kai ki ba. Wannan tausayin shi ne ya fi komai danne mata a wannan aiki, kuma da yake da fara'a yake zuwa, da wuya a gane shi. Ranar da za a zaɓi wanda zai riƙe ofishin shiyya, tambayar da ake yi ita ce wa ya san fili, wa ya taɓa tsayawa gaban ɗan kwangila ya ce a dakata. Wadda ta shekara goma tana jera fayil ba ta da amsa, kuma waɗanda suka hana ta fita su ne za su fara cewa ba ta da gogewa.

Fara da rajista, in ba ki yi ba. Ki shiga NITP, ƙungiyar masu tsara birane ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1966, ki cika sharuɗɗan TOPREC, ki karɓi lambarki da hatiminki. Shekarun gogewar da ake nema kin riga kin wuce su. Sa'annan ki nemi a saka ki cikin jerin masu fita, a rubuce, ba da baki a bakin ƙofa ba. Layi uku sun isa: kina neman fita sau ɗaya ko biyu a mako don cike gogewar aiki. Ki ajiye kwafi.

In kin fita, kada ki zama 'yar rakiya mai riƙe jaka. Ki tafi da tef mai tsawon mita 50, kwafin taswirar safiyo, zanen da aka amince da shi, da waya mai ɗaukar hoto da kwanan wata. Takalmi mai taurin ƙasa, saboda ƙusa. Ƙaramin hijabi mai kama jiki a ƙarƙashin hular kwano, domin dogo yana maƙalewa a tsinin rodi, kusa da injin kwaɓa siminti kuwa haɗari ne. Ki fara awo daga dutsen safiyo, kada ki fara daga katanga, don sau da yawa katangar kanta ta ci hanya. A yawancin unguwannin zama na Legas ana barin mita 6 a gaba, mita 3 a gefe da baya. Daga nan ki ɗaga kai. Ƙasa tana iya cika ƙa'ida, amma barandar bene ta leƙo ta cinye tazarar. Ki ƙirga hawa ki gwada da zane, ki hau har sama ki duba ko an bar rodi a tsaye, alamar ana shirin ƙara hawan da ba a ba da izininsa ba. Ki duba nisan ginin da babbar magudanar ruwa, wadda gwamnatin jihar ke neman a bar mata mita 7 kowane gefe, da kuma manyan wayoyin lantarki. Kada ki je ke kaɗai, musamman a sababbin unguwannin bayan gari inda 'yan omo onile, masu iƙirarin gadon filaye, ke da ƙarfi. Wannan ƙa'idar ta hau kan maza ma.

Za a miƙo ambulan, a ce na ruwa ne. Ki tuna wanda ya bayar zai sayar da gidan ya yi gaba, sa hannunki kuwa yana nan cikin fayil har ranar da ginin ya tsage.

Abu na gaba shi ne rahoto. Wadda ta auna ita za ta rubuta, ita za ta sa hannu, ita kuma za ta miƙe a taro ta yi bayani. Mata da yawa suna yin wahalar, sai su bar wa abokin aiki ya gabatar don kunya, shi ke nan sunansa ne ya zauna a kan manya. Ki kuma nemi zagayawa. Dokar jihar ta 2010 ta raba aikin gida uku: LASPPPA tana ba da izinin gini, LASBCA tana sa ido kan ginin da ake yi, LASURA tana sabunta tsofaffin unguwanni. Wanda ya ɗanɗani biyu daga cikin irin waɗannan ayyuka ya fi wanda ya tsufa a ɗaya. Daga mataki na 12 zuwa sama ki fara koyon kasafin kuɗi da dokar ba da kwangila, don darakta ya fi yini a kansu fiye da kan taswira. A ƙungiya kuma, ko ta NITP reshen Legas ko ta mata masu tsara birane, ki nemi kwamitin ilimi ko na ladabtarwa. Kada ki yarda kullum a tura ki kwamitin abinci da tarbar baƙi.

Tambaya: Ina da juna biyu, ina tsoron hutun haihuwa ya mayar da ni baya. Daga wata 'yar'uwa a Obalende.

Amsa: Allah ya raba lafiya. Dokar ƙwadago ta ba ki mako 12, da aƙalla rabin albashi in kin yi wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Gwamnatin Legas tun 2014 tana ba ma'aikatanta wata shida a haihuwar fari da ta biyu. Hutun ba ya mayar da mutum baya. Abin da ke yi shi ne jarrabawar ƙarin girma ta wuce ba ki sani ba, ko rajistarki ta ƙare ba ki sabunta ba, ko a ɗauke ki daga fita "na ɗan lokaci" ya zama na dindindin. Ki miƙa fayilolinki a rubuce, ki sa ranar dawowa fili a cikin takardar.

Tambaya: Na gama bautar ƙasa, aikin gwamnati bai samu ba. Me zan yi da wannan digirin? Daga wata matashiya a Idi-Araba.

Amsa: 'Yata, kina riƙe da abin da kamfanonin ba da shawara ke nema su rasa. Kowane babban aiki, hanya ce ko layin dogo ko sabunta kasuwa, sai an bi gida-gida an ji ta bakin mazauna. A Agege da Idi-Araba da Mile 12 akwai gidajen da aka rubuta "ba shiga", namiji ba ya wuce zaure. Abin da zai samo a wurin maigida daban yake da abin da matar gida za ta gaya miki: jarka nawa ake saye a yini, gida nawa ke haɗa bayi ɗaya, wane lungu ne yarinya ba ta bi bayan magariba, ina ruwa ke tsayawa a watan Yuni da Yuli. Tsarin da bai ji waɗannan ba rabin gari ya ji. Wanda ya san abin da ya faru da mutanen Maroko, unguwar nan ta Legas da gwamnati ta rusa a 1990, ya san me ake nufi da a yanke hukunci a kan unguwa ba a tambayi masu ita ba. Ki karanta ayyukan Farfesa Taibat Lawanson, ta yi bincike mai yawa a kan talakawan birnin nan.

Ki koyi QGIS, manhajar zana taswira, kyauta ce, sai AutoCAD ta zanen gini, sai KoboToolbox na tattara bayanai ta waya. Kada ki tsaya jiran a ɗauke ki kafin ki yi aiki. Ki zaɓi layi goma a unguwarku, ki fara gaida Sarkin Hausawa da shugabannin unguwa ki faɗi abin da ya kawo ki, sa'annan ki bi lambatu da ƙafa bayan an ɗauke ruwa. Ki sa alama a duk inda ya toshe, ki auna faɗi da zurfi, ki fitar da taswira ɗaya da rahoton shafi biyar. Shi za ki ɗora a kan takardar neman aiki.

Ki kiyayi abu biyu. Kada ki daɗe a matsayin mai cike fom ana biyan ki na yini. Tun farko ki nemi a bar ki ki taɓa nazarin bayanan, sunanki ya fito a rahoto. Kuma ki zaɓi kamfanin da mai shi ke da rajista, domin shi zai tsaya miki shaida cewa kin yi aiki a ƙarƙashinsa ranar da za ki nemi taki. Ki tambaye shi lambar rajistarsa tun ranar ganawa, ki rubuta ta a littafinki.